Kawu da Izgar Bijimin Dogo

Kawuna ba ya yarda a kira shi mai hassada. In ka kuskura ka faɗa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi maka karatu. Mai hassada, in ji shi, so yake naka ya lalace. Shi kuwa bai taɓa fatan wani abu ya sami dabbar Dogo ba. Abin da yake so kawai tasa ta fi, kuma Dogo ya tako da ƙafarsa ya gani da idonsa. Wannan kishi ne, kishi kuwa ado ne ga mai sana'a. Da wannan karatu na girma, domin a gidansa na taso tun rasuwar mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce.

Kiwon turke ne sana'ar Kawu. Yakan je kasuwar shanu ya zaɓo ramammen sa, wanda tun daga nesa kana hango haƙarƙarinsa, ya ɗaure shi a bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano, ya yi ta ɗura masa abinci har ya cika ya ɗaga tozo, sannan ya mayar da shi kasuwa mahauta su saya. Sa ɗaya yake riƙewa, bai taɓa haɗa biyu ba, wai mai biyu ba ya sanin halin ko ɗaya. Abincin ma ɗaya ne tun da na san shi: yankakken karan masara, dusar masara, da ɗan kanwa. Haka mahaifinsa ya yi kiwo, don haka duk wanda ya ba shi shawarar wani abinci daban, a wurin Kawu mahaifinsa ya zaga.

Dogo maƙwabcinmu ne, dangar kara ce kawai tsakanin turkensa da na Kawu. Sunan ya bi jikinsa, ga shi da maganar ƙasa-ƙasa kamar ana sayar masa da kalmomin. Da can tela ne. Kawu ne da kansa ya ja shi kasuwa, ya koya masa buɗe bakin sa a duba haƙora, ya nuna masa inda ake matsawa a san ko dabba za ta karɓi kiwo. Shekara biyu ba a yi ba bijiman Dogo suka fara ƙyalli, mahauta suka riƙa wuce Kawu da gaisuwa suna tsayawa wurin tela. Wannan miki ne da bai taɓa warkewa ba. Da baƙo ne ya fi shi, da ya haƙura, amma mutumin da ka koya wa riƙe igiya!

Akwai wata tsaga a jikin dangar, daidai tsayin idon Kawu. Inna, matarsa, takan kira ta tagar Kawunki. Abin da yake hangowa ta tagar bai taka kara ya karya ba, domin a cikin wani ɗan ɗaki Dogo yake haɗa abincin, ya fito da shi a roba ya juye a komi. In aka tambaye shi me yake ba su, amsarsa ɗaya ce: abin da aka samu. Babu maganar da Kawu ya tsana a duniya kamar wannan. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa Dogo maguɗi yake yi, kashin kaji yake zuba musu ko garin kifi, abin da mutumin kirki ba ya ba mai cin ciyawa. Inna takan ce masa hassada ga mai rabo taki ce, shi kuma ya sake ajiye abin da ke hannunsa ya yi mata karatun nan daga farko.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ma na ɗebo rabona na halin gidan, kuma ban ga abin ɓoyewa ba. A wani ɗakin gwaji nake aiki, inda ake bin diddigin abin da aka ciyar da dabbobi. Masu kiwo da masu sayen nama sukan aiko mana da izga, wato dogon gashin ƙarshen wutsiya, su ce a duba musu. Hikimar abin ita ce, sinadaran da ke cikin tsiro, irin su kabon da naitirojin, kowanne yana da mai nauyi da marar nauyi, su ne ake kira aisotof. Masara da dawa da danginsu sun fi tara kabon mai nauyi. Wake, gyaɗa, shinkafa da ganyen itace ba su kai su ba. Dabbar da aka ba kifi ko kashin kaji kuwa naitirojin ɗinta ne yake tashi. Abin da dabba ta ci yana shiga gashinta, gashi kuma in ya fito ba ya sake magana. Ƙarshen izga tsohon labari ne, gindinta labarin jiya, kusan faɗin yatsa kowane wata.

Aikina shi ne in wanke gashin, in shanya, in jera shi gindi na kallon gefe ɗaya, in bi shi da reza guntu-guntu, in ɗauki kowane guntu da hantsaki in auna, in dunƙule shi cikin 'yar takardar ƙarfe. Daga nan sai in miƙa wa wadda muke kira Mai Inji. Ita ke zuba su a injin da ke ƙone su ya auna hayaƙin, ita ke zama gaban kwamfuta a ɗaki mai sanyi, ita baƙi ke yi wa godiya. Na riga ta zuwa wurin. Ranar da ta fara aiki ni na nuna mata inda ake rataye riga. Yanzu ita ce ke ce mini in kula da hannuna, kuma duk ranar da ta faɗa sai in ji abincin rana ya fita raina.

Shekarar da abin ya faru, Kawu ya sayo wani farin sa mai baƙin kunne, ya sa masa suna Kurma don ko ka yi ta kira ba ya waiwayowa. Ya ɗauki burin duniya ya ɗora masa. Ya ce a wannan karon ya gano inda yake kuskure shekara da shekaru: dusar ce ba ta isa, kanwar kuma tana yawa. Ya gyara awon, ya yi wata uku yana bi, Kurma ya fara murmurewa. Sai wata safiya san ya fizge igiya, Kawu ya faɗi a kan bakin komi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka yi masa aiki, wurin ya ƙi warkewa, aka sake buɗewa. Abin da muka ɗauka na mako biyu ne ya cinye watanni.

Ni da Inna muka raba zaman asibiti. Kurma kuwa aka bar shi a hannun ɗan Kawu ɗaya tilo, wanda kowa ke kira Direba don babbar mota yake ja. Daga kan gado Kawu yake karanta masa awon abincin ta waya, Direba yana cewa an gama, Baba, kada ka damu. Ni da ke riƙe wa Kawu wayar ina jin rurin mota a bayan muryarsa, amma Kawu bai ji ba, ko kuwa bai so ya ji ba. Dogo ya zo dubiya sau ɗaya. Ya zauna a bakin gado ya harɗe dogayen ƙafafunsa, bai ce komai ba bayan sannu. Kawu ya daure, ya daure, har ya kasa, ya tambaye shi yadda yake jin motsin Kurma ta danga. Dogo ya ce yana ci. Da ya fita, Kawu ya ce ba dubiya ta kawo shi ba, zuwa ya yi ya ga yadda kwanciya ta karɓe shi.

Ranar da aka sallame shi, bai shiga ɗaki ba. Ya dogara sanda ya zagaya bayan gida, muna biye muna roƙonsa ya yi a hankali. Ya tsaya ƙyam. Kurma ya zama wani abu daban. Tozon ya cika har ya karkata, wuyan ya yi ninki-ninki, fatar na ɗaukar ido. Kawu ya zagaye shi yana ɗingishi, ya shafa, ya matsa, ya sake zagayawa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce awon mahaifinsa ne, gyara kaɗan yake jira. Sannan ya lura an sabunta dangar da sababbin karare, an toshe tagarsa. Ya yi dariya har ƙugun ya motsa masa, ya ce Dogo ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya rufe don kada zuciyarsa ta buga. Kafin la'asar ya sake huda wata tagar da wuƙa.

Ranar kasuwa na bi su, don likita ya ce kada a bar shi shi kaɗai. Abin da Kawu ya yi rabin rayuwarsa yana jira ya faru a gabana. Mahauta suka wuce bijimin Dogo da gaisuwa suka yi dafifi a kan Kurma. Can sai ga Dogo ya ratso su, ya ɗora tafinsa a kan tozon, ya daɗe, sannan ya ce ya yi kyau. Kalmomi uku, amma Kawu ya yi mako guda yana cin abinci da su. Ya ƙi sayar da san, ya dawo da shi gida wai sai ya sake zagayawa da shi kasuwa. Ya cire agogonsa na aure ya ɗaura wa Direba a gaban jama'a, ya ce ɗa na gari shi ne mai bin awon ubansa. Ni da na yi watanni ina kwana a kan kujerar roba, ina juya shi, ina wanke masa miki, na sami Allah ya yi miki albarka. Na karɓa, addu'a ce, amma agogon ya tsaya mini a wuya.

Da a nan Kawu ya tsaya, da ya mutu da daɗinsa. Amma mai kishi ba ya ƙoshi da nasara sai ya tona asirin abokin gaba. Ya kira ni ya ce yana so a kai izgar bijimin Dogo wurin injin nan namu, duniya ta san da abincin gaskiya ya ka da mai kashin kaji. Na ce masa injin ba ya faɗar sunan abinci, dangin abincin kawai yake nunawa. Ya ce ko dangin ne a kawo masa. Na ce sai da yardar mai dabba, kuma tsigowa ake yi da gindi, ba yankewa ba. Ya ce in bar masa wannan.

Yadda ya so ya yi, Allah bai nufa ba. A kasuwa ta gaba ya riƙa raɓewa bayan bijimin Dogo da sandarsa, yana miƙa hannu wutsiyar na kaɗe shi, har Dogo ya gaji da kallo. Ya zo ya naɗe izgar a yatsa, ya fizgo, ya miƙa masa.

“Ga shi,” in ji Dogo. “In tsintsiya za ka yi, ka dawo gobe.”

Kawu ya dawo gida yana huci, wai ko tambayar me za a yi da shi bai yi ba, tsabar raini. Na ce ana bukatar wata izgar da za a gwada da ita, wadda aka san abin da dabbar ta ci. Nan take fuskarsa ta washe. Ya je ya tsigo ta Kurma da hannunsa, ya ce in nuna wa injin yadda abincin 'yan halak yake.

Da sakamakon ya fito, Mai Inji ta kira ni ɗakinta mai sanyi. Ta nuna mini layuka biyu a kwamfuta. Na bijimin Dogo ya miƙe tun daga ƙarshen gashi har gindi, a ƙasa, inda masu cin harawar wake da dusar shinkafa suke zama. Naitirojin ɗinsa kuwa lafiya lau, babu kifi babu kaji. Na Kurma ya faro daga sama, wurin 'yan masara, kamar yadda ya kamata. Sai a tsakiya ya gangaro, ya sauko har ya hau kan layin bijimin Dogo, suka yi tafiya tare mai nisa, sai dab da gindi ya fara komawa sama. Ta ce, cikin muryar nan tata mai laushi da ke ƙona mini rai, da alama na cakuɗa guntayen, in riƙa kula da hannuna.

Na koma gida na tsigo wata izgar daga Kurma da kaina, na wanke, na jera, na yanka ni kaɗai a tebur, babu gashin kowa a kusa. Layin ya sake fitowa kamar na farko. Mai Inji ta ce to, ba hannuna ba ne, amma ba ta ce in yi haƙuri ba, kuma ina riƙe da wannan har yau. Na ɗauki gashin na riƙa ɗora yatsa daga gindi ina komawa baya wata-wata. Inda layin ya fara gangarowa ya faɗo a kan makonnin farko na kwanciyar Kawu. Inda ya juya sama kuwa, sallamarsa ce.

Na sami Direba yana wanke mota, agogon na walƙiya a hannunsa. Ban sha wahala ba. Ya ce mako ɗaya ya yi yana bin awon, sai aka ba shi lodi mai nisa, ya tara wa san kara ya cika masa baho da ruwa ya tafi. Da ya dawo ya tarar da Dogo a cikin rumfarmu yana juye roba a komi. Dogo ya ce masa ya je ya yi tuƙinsa, kada ya gaya wa kowa. Dusar masarar, kajin unguwa suka ci. Kararen da Kawu ya tara kuwa, da Dogo ya ga za su ruɓe, su ne ya gyara dangar da su. Ya roƙe ni in rufa masa asiri. Gaskiya na ji daɗi a raina, daɗi sosai, na kalli agogon nan na ce yau ranar wanka ce. Amma kafin in kai gida daɗin ya tsinke, domin na tuna ba Direba ne zai fi jin ciwon ba.

Na yi kwanaki ina kewaye-kewaye. Na ce injin ya lalace, na ce Mai Inji ta yi tafiya. Kawu ya ce in Dogo ya saye ni ne in faɗa masa. Ranar da na gaji, na same shi a bakin rumfa yana yanka kara. Na fara da mai sauƙin, na ce babu kashin kaji, babu kifi, dangin harawa ne da dusar shinkafa ko alkama. Ya taɓe baki ya ce injin ma ana iya yi masa wayo. Sannan ya tambayi na Kurma, yana murmushi. Na ɗauki guntun kara na zana layuka biyun a ƙasa, na nuna masa inda suka haɗu da inda suka rabu, na ce ga shigarka asibiti, ga fitowarka.

Kawu ba ya karatu, amma ba a yi masa bayanin dabba sau biyu. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ɗaga kai ya kalli Kurma, ya kalli dangar, ya miƙa hannu ya taɓa karan da ke jikinta, ya gane yankan wuƙarsa. Na zaci zai yi kuka, ko ya aika a kira Direba. Sai ya tashi ya dogara sandarsa har bakin tagar.

“Dogo. Wa ya sa ka?”

Daga can muryar ta zo a hankali. “Kukansa ne ya hana nawa cin abinci.”

“Me ka ba shi?”

“Abin da aka samu.”

Kawu ya dawo ya zauna. Ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, wato ranar nan a kasuwa da Dogo ya dafa tozon ya ce ya yi kyau, aikin hannunsa yake yabo. Na ce ai alheri ya yi maka, Kawu. Ya ce shi ne abin da ya fi ƙona masa rai: a kiwo ya fi shi, yanzu ko a alheri ma sai da ya riga shi. Kasuwar da ta biyo ya sayar da Kurma ga mahaucin farko da ya taya, bai ko waiwaya ba. Agogon bai karɓe ba, amma bai sake tambayar Direba ƙarfe nawa ba.

Daga nan kishin Kawu ya sake hanya. Ya daina neman sirrin roba, ya koma jiran ranar da Dogo zai kwanta ciwo, shi ma ya tsallaka danga ya ciyar masa da sa har ya fi yadda ya bar shi. Ramuwa yake so, kuma bai ɓoye ba. Kowace safiya sai ya leƙa tagar ya tambayi Dogo ko ya tashi lafiya, da wata irin murya da kowa ke jin fatan da ke cikinta. In Dogo ya ce lafiya lau, sai Kawu ya ce madalla kamar an mare shi. Ranar da ya ji tari ta danga, kafin a ce me ya zagaya da bokiti a hannu, ya tarar ƙurar dusa ce ta shaƙe mutumin. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ke yi wa maƙwabci fatan zazzaɓi don ƙauna ba. Kawu ya ce ba ƙauna ba ce, bashin kunya ne, kuma ba zai shiga ƙasa da shi ba.

Shekaru suka yi ta wucewa, Dogo ko ciwon kai. Kawu ne ma ƙugun ke tayar masa duk lokacin sanyi. Sai wata rana da yamma, Dogo ya juye wa sabon bijiminsa abinci, ya zauna ya jingina da turke kamar yadda ya saba, bai sake tashi ba. Matarsa ce ta same shi. Kawu ya yi duk abin da maƙwabci ke yi har aka watse. Da muka koma gida ya zauna a bakin rumfa ya ce, “Ko kwana uku bai kwanta ba. Don dai kada in rama.” Sannan ya rufe fuskarsa da hularsa, muka ba shi wuri.

Washegari bijimin Dogo ya fara kuka. Matar ba ta san kan kiwo ba, 'ya'yansu kuma duk suna nesa. Kawu ya zagaya ya yi sallama, ta miƙo masa mabuɗin ɗan ɗakin nan da ya yi shekaru yana hange ta tsaga. Na bi shi don in ga sirrin da idona. Harawa ce a ɗaure, buhunan dusar shinkafa, ƙullin kanwa, da robar. Babu komai bayan wannan. Ya tsaya yana dube-dube ko akwai wani lungu, babu. Ya tambayi matar yadda marigayin yake haɗawa, ta ce ita dai ta san yana jiƙawa, kuma kaɗan-kaɗan yake ba shi, sau da yawa a yini.

Na ɗauka karan masara zai kwaso daga gida ya nuna wa duniya awon mahaifinsa. Bai yi ba. Mutumin da ke cewa an zagi ubansa in an ambaci harawa, shi ne ya durƙusa da ƙugunsa mai ciwo yana jiƙa dusar shinkafa a robar Dogo. Turkensa ya bar shi babu komai a wannan shekarar. Yini yake yi a can, ya ba shi kaɗan, ya zauna ya jingina, ya tashi ya ƙara. In Inna ta tsokane shi ta ce ya koma almajirin tela, sai ya ce ta bar shi, shi ya san abin da yake yi.

Da bijimin ya isa kasuwa, mahauta suka yi masa dafifi, aka kai wa matar abin da aka samu. Amma kafin a ja shi, Kawu ya naɗe izgar a yatsa ya fizgo. Ya kawo mini ita a cikin ƙyalle, ya jera gindin gefe ɗaya kamar yadda ya ga ina yi.

“Ki duba mini,” ya ce, “ko wutsiyar ta san Dogo ya mutu.”

Na wanke, na yanka, ban taɓa kula da hannuna kamar ranar ba. Mai Inji ta karɓa ta zuba ba tare da ta ce in kula da hannuna ba, na yaba mata wannan, ko da yake har yanzu ita ke ɗaki mai sanyi. Na san injin abinci kawai yake gani, ba ya ganin hannun da ya zuba, kuma na san Kawu ma ya sani. Duk da haka da layin ya fito sai da na duba shi sau biyu.

Na same shi a bakin rumfarsa, kusa da danga. Na ɗauki kara na ja layi ɗaya a ƙasa, miƙaƙƙe, daga nan har can. Ya tambaye ni ina ne wurin rasuwar. Na ce babu, ba a ganewa, daga hannun Dogo zuwa nasa babu inda ya karkace. Ya sa na sake faɗa. Fuskarsa ta fara washewa irin ta ranar Kurma a kasuwa, ya dafa sanda ya miƙe da sauri, ya juya ya kai idonsa tagar, har ya buɗe baki.

Ya daɗe a haka. A can ɓangaren babu komai sai turke da robar a kife.

“To,” ya ce, bai juyo ba, “wa zan nuna wa?”